Filin Bakanike: Tambayoyinku Kan Birkin Tsofaffin Motoci

Yawancin wasiƙun da suka taru a kan teburina a wannan watan a kan birki suke magana, kuma kusan dukkansu daga hannun masu riƙe da tsofaffin motoci suka fito, irin waɗanda aka gada daga iyaye ko aka saya don marmari. Na zaɓi biyar daga ciki, na kuma taƙaita wasunsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 wagon ƙirar Kaduna, wadda ta shekara tara a ajiye a ƙarƙashin rumfa ba a tuƙa ta. Na samu an tayar mini da injin, amma birki ba ya kamawa sai na taka sau biyu ko uku. Wani bakanike ya ba ni shawarar in cire duram ɗin ƙafafun baya in sa faifan birki na wata motar zamani, wai da haka matsalar za ta ƙare gaba ɗaya. Shin in bi shawararsa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka taɓa duram ɗin nan tukuna, domin abin da ka bayyana ba laifin duram ba ne, ciwon zama ne, kuma faifai sabo fil ba zai warkar da shi ba.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975. Salun ɗin farko ta zo da faifai a ƙafafu huɗu, abin da ba kowace mota ke da shi ba a wancan zamani, amma wagon da a-kori-kura an yi su ne da faifai a gaba, duram a baya, kuma da gangan aka yi hakan. Idan direba ya taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, saboda haka ƙafafun gaba ne suke ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa, wajen kashi biyu cikin uku, na baya kuwa taimako kawai suke yi. Wagon ɗin da ta yi shekaru tana ɗaukar fasinja da kaya tsakanin Kano da Legas da wannan duram ɗin ta yi aikin, kuma tana tsayawa.

Abin da ke faruwa da motar da ta daɗe a ajiye shi ne, man birki yana da ɗabi'ar shan danshin iska, ruwan da ya sha kuma yana kwanciya a cikin masta, wato famfon da feda ke turawa, da silindar kowace ƙafa har ya haifar da tsatsa. Robobin da ke riƙe man suna bushewa su taurare, fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse faifai, yana maƙalewa a wuri guda, tiyon roba yana tsattsagewa daga waje ko ya kumbura daga ciki. Saboda haka aikin da ke gabanka na kwancewa ne da dubawa, tun daga feda har zuwa ƙafa ta huɗu. Duk wata roba da ta kai waɗannan shekarun a canza ta ba tare da an tsaya gardama ba, ko da ido ya ga kamar lafiyarta ƙalau. Idan aka buɗe masta ko silinda aka tarar tsatsa ta yi ramuka a bangon ciki, to sabuwar roba ba za ta yi mako biyu ba za ta fara yoyo, domin gefen ramin zai yanke ta. A nan sai dai a sayi sabuwar silinda, ko kuma, idan ta yi wuyar samu, a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su faɗaɗa ramin su cusa masa bututun tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Akwai gwaji uku da za ka iya yi da kanka kafin ka biya kowa ko sisi. Ka taka feda ka riƙe da ƙarfi daidai gwargwado na kamar rabin minti. Idan tana sulalewa ƙasa a hankali alhali ba ka ga yoyo a ko'ina ba, masta ne ke zubar da mai a cikin kansa, ko kuma yana tsiyaya shi cikin sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa takun feda ƙarfi, inda ido ba ya gani. Idan fedar tana da laushi kamar an taka soso, iska ce a cikin bututu, sai an fitar da ita ƙafa bayan ƙafa, ana farawa daga wadda ta fi nisa da masta. Idan kuwa takun farko ya yi nisa, na biyu ya zo sama ya kuma yi tauri, galibi shu, wato abin da ke goga cikin duram, shi ne ya yi nesa da duram, gyaransa kuma saiti ne kawai. Ina kyautata zaton motarka ta haɗa biyu daga cikin ukun nan. Shi sabo gwajinsa ya fi sauƙi: a kashe injin, a taka feda sau biyar har ta yi tauri, a riƙe ta a tayar da injin. Idan ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, sabo yana aiki.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake tsoron shawarar bakaniken naka. Birkin mota tsari ne da aka auna kowane sashe nasa da ɗan'uwansa. Faɗin ramin masta an zaɓe shi ne daidai da yawan man da silindu huɗu suke buƙata, kalifa kuwa ta fi silindar duram cin mai, don haka idan aka sa ta a baya aka bar masta yadda yake, feda za ta iya ƙara nisa maimakon ta ragu. Sannan 504 tana da wata 'yar na'ura a ƙarƙashinta ta baya wadda ke rage ƙarfin birkin baya idan motar ba ta da kaya, ta ƙara shi idan an yi lodi. Sau da yawa nakan tarar an cire ta an haɗa bututu kai tsaye saboda ta yi yoyo, kuma wannan ganganci ne babba, domin motar da ƙafafunta na baya suka riga na gaba ƙamewa juyawa take yi a tsakiyar titi, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Wanda ya ɗauko kalifar wata mota ya lanƙwasa ƙarfe ya yi mata walda, bai auna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ga kuma birkin hannu, wanda a kan duram ya fi riƙewa, kuma shi ne abin da masu irin wannan canji suka fi rasa yadda za su yi da shi daga baya.

Abu biyu nake so ka gaya wa wanda zai yi aikin. Kada ya hura ƙurar cikin duram da iska, domin tsofaffin shu da yawa an yi su ne da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, ya jiƙa ta ya goge. Na biyu, duram da faifai kowanne yana da iyakar da aka yarda a sassaƙe shi, galibi a rubuce take a jikinsa, wanda ya wuce iyakar kuma sai dai a jefar. Kayan 504 har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai ka tafi da tsohon a hannunka don a gwada. Ka kuma duba tayoyin, domin tayar da ta shekara tara a tsaye ta mutu ko da zanenta bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na ga man birki iri-iri a kanti, wani an rubuta DOT 3, wani DOT 4, wani DOT 5. Tunda lamba ta fi girma, ashe ba DOT 5 ne ya fi dacewa da tsohuwar Landirobata ba? Daga wani manomi a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, a nan girman lamba yana iya yaudarar mutum. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, ana iya haɗa su ba tare da ɓarna ba, bambancinsu yana wajen jure zafi. Ƙa'ida ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuwa 230, DOT 5.1 kuma 260. Shi DOT 5 baƙo ne a cikinsu, da silikon aka yi shi, launinsa shunayya ne, kuma ba ya gauraya da sauran. Masu ajiye tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna son sa saboda ba ya cin fenti kuma ba ya shan ruwa, amma ba a zuba shi sai a tsarin da aka kwance aka sabunta robobinsa duka, yana kuma riƙe ƙananan kumfar iska har feda ta ɗan yi laushi. Ga motar da ke aikin gona, DOT 4 daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba ya wadatar, a zubar da tsohon a sa sabo duk shekara biyu.

Tunda a Nijar kake, inda ba a rasa tsofaffin motocin Faransa, bari in ƙara da cewa motocin Citroën da yawa tun daga tsakiyar shekarun 1960 wani koren mai suke amfani da shi mai suna LHM, wanda dangin man injin ne. Idan ya shiga birkin Landiroba robobin za su kumbura su lalace cikin ɗan lokaci, haka nan man giya, man injin ko fetur. Kada ma a wanke kayan birki da fetur ko kananzir. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke ɗurawa idan mai ya ƙare musu a daji kuwa, a digiri 100 yake tafasa, kuma tsatsa yake bari a baya.

TAMBAYA: Malam, ina da Volkswagen Bitil ta 1964 wadda nake fita da ita ranar Juma'a da lokacin bukukuwa. Ina so in inganta birkinta ba tare da na ɓata mata kamanninta na asali ba. Da me zan fara? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ke ce kika yi tambayar da amsarta ta ƙunshi canji na gaske, kuma canjin ba ya ganuwa daga waje. Bitil ta wannan shekarar masta mai hanya ɗaya gare ta, wato fistin guda ne ke tura mai zuwa ƙafafu huɗu. Idan tiyo ɗaya ya fashe, ko silinda ɗaya ta saki, man duka zai tsiyaye ta nan, feda ta tafi ƙasa, ba abin da ya rage sai birkin hannu. Saboda irin wannan haɗari ne Amurka ta wajabta masta mai hanya biyu a kan sababbin motoci daga 1968, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu. A wannan tsarin an raba gaba da baya, ta yadda idan ɗaya ya tafi ɗayan zai tsayar da motar, ko da ba da cikakken ƙarfi ba.

Saboda haka idan kuɗinki na canji ɗaya ne, a nan za ki kashe shi. Za a sa masta mai hanya biyu irin na Bitil ɗin da suka biyo baya, da tankin man birki mai ɗaki biyu, a kuma sake jan bututu ta yadda gaba da baya ba su haɗu ba. Wajen bututun nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a yarda da bututun jan ƙarfe zalla irin na masu gyaran firji, domin girgiza tana taurara shi har ya tsage. A nemi na ƙarfe da aka yi don birki, ko wanda aka haɗa jan ƙarfe da nikel, mai kaurin milimita 4.75. Bakin bututun ma iri biyu ne, motocin Jamus da Faransa galibi mai kumburi kamar ƙwallo suke amfani da shi, na Amurka kuma mai ninki biyu, idan aka ɗaura wani a mazaunin wani zai yi kamar ya zauna amma zai riƙa tsatsafo. Ba a kuma yi wa bututun birki walda ko faci.

Game da faifai, Volkswagen ta fara sa shi a gaban wasu Bitil ne bayan ta sauya tsarin ƙafafun gaba a tsakiyar shekarun 1960, kuma waɗannan kayan ba sa hawa kan taki kai tsaye, ramukan rim ɗinsu ma huɗu ne alhali naki biyar ne masu faɗi. Akwai kamfanonin da ke yin cikakken saiti don irin taki, kuma idan har za a yi, to a sayi saitin gaba ɗaya tare da mastan da aka auna da shi, domin mastan duram yakan riƙe ɗan matsi a cikin bututu, wanda idan ya samu faifai sai fad, wato abin da ke goga faifan, ya riƙa gogawa ba hutu. Amma gaskiya, motar da nauyinta bai kai tan ɗaya ba, wadda kuma ake fita da ita sau ɗaya a mako cikin gari, duram mai lafiya ya ishe ta. Abin da duram ɗin Bitil yake buƙata shi ne saiti a kai a kai, domin ba ya saita kansa. Kowace ƙafa tana da 'yan ƙusoshi biyu masu haƙora, ana juya kowanne har shu ya taɓa duram, sannan a ɗan sassauta.

TAMBAYA: Malam, ina saukowa daga Jos ta Hawan Kibo da Marsandi 230E, kusa da ƙasan gangaren sai feda ta shige har ƙasa, Allah ne kawai ya kiyaye. Bayan na tsaya na kamar rabin awa birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru. Bakanike ya duba ya ce bai ga komai ba. Daga wani ɗan kasuwa a Lafiya.

AMSA: Alhamdu lillahi da Allah ya tsare, Alhaji. Bakaniken bai ga komai ba ne saboda abin da ya faru ba ya barin alama: man birkinka ne ya tafasa. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, a doguwar gangara kuma zafin yana taruwa fiye da yadda iska ke kwashe shi, har ya ratsa fad ya isa ga man da ke bayan fistin. Lambobin da na ambata a sama na sabon mai ne. Da zarar DOT 4 ya sha ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ƙa'idar tafasarsa tana saukowa daga 230 zuwa 155, na DOT 3 kuma zuwa 140. Idan ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa ƙafarka ta tafi ƙasa ba tare da ta tura komai ba. Da ya huce sai ya koma ruwa, birki ya dawo.

Ya kamata a bambanta wannan da wani ciwon mai kama da shi, inda feda take nan da taurinta amma motar ba ta tsayawa, ana kuma jin ƙaurin ƙuna. Wannan fad ne ya yi zafi fiye da ƙarfinsa, kuma ya fi faruwa da fad mai araha wanda ba a san inda aka yi shi ba. Marsandin da kake tuƙawa, wadda aka fara ƙera irinta a 1980, faifai gare ta a ƙafafu huɗu, don haka ba ta buƙatar wani ƙari. A zuƙe tsohon man gaba ɗaya a sa sabo, a tabbatar babu kalifar da ta maƙale tana gogawa tun kafin a iso gangaren, a sa fad na kirki. Sauran kuma yana hannunka: ka sauko da giyar da za ka hau da ita, ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar, ka riƙa taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kana saki maimakon ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Sakin giya a furi don tsimin mai a irin wannan wuri shi ne ya fi komai saurin dafa man birki.

TAMBAYA: Baba, Fijo 404 a-kori-kura ta kakana tana fizgar sitiyari zuwa dama idan na taka birki, kuma ƙafar gaba ta dama tana zafi sosai ko da tafiyar ba ta da nisa. An canza shu sau biyu, ba ta daina ba. Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ɗana, shu ba shi da laifi, shi ya sa canza shi bai yi amfani ba. Ƙafar da ke zafi ba tare da an yi ta taka birki ba, birkinta ne ba ya saki. Abin da na fi zargi shi ne tiyon robar wannan ƙafar ya ruɓe daga ciki, ya zama yana barin mai ya wuce idan an taka da ƙarfi amma ba ya barinsa ya koma. Ga yadda za ka tabbatar: a ɗaga ƙafar da jak, a taka birki a saki, a gwada juya tayar da hannu. Idan ta ƙi juyawa, a ɗan kwance ƙusar fitar da iska da ke bayan ƙafar. Idan mai ya yi tsartuwa tayar kuma ta saki nan take, matsi ne ya maƙale a bayan tiyo, sai a canza shi tare da na hagu a rana ɗaya. Idan kuwa ta ci gaba da riƙewa, fistin ne ya yi tsatsa ko sifirin ɗin da ke janyo shu ya mutu.

Ka kuma sa a buɗe ƙafar hagu, domin wani lokaci motar tana fizga dama ne saboda hagun ba ya kamawa sam, galibi don man birki ko giris ya jiƙa shu ɗinsa. Shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko an ƙona shi da wuta kamar yadda wasu ke yi man zai sake tsatsafowa da zarar ya ɗauki zafi, don haka a canza na ƙafafun biyu tare, bayan an toshe inda man yake fitowa.